St Kilda: Garin Da Aka Yi Ta Kallo Har Ya Zama Kufai

Masu yawon buɗe ido da ke keta tekun Atilantika a yau zuwa tsibiran St Kilda, kimanin kilomita 64 yamma da North Uist a Sikotilan, wurin da ba kowa suke nema. Amma kufai suke takawa, kuma a ganina waɗanda suka riga su wannan sha'awa suna da hannu a tashin garin. Shekaru aru-aru mutanen Hirta, babban tsibirin, da tsuntsayen teku suka rayu. Magidanci ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka bangon dutse, ruwa na ruri a ƙarƙashinsa, ya kamo tsuntsu ya kwaso ƙwai. Naman a busar a 'yan rumbunan dutse da iska ke ratsawa, waɗanda fiye da dubu suna nan tsaye har gobe. Gashin tsuntsu da mansa kuwa, da su ake biyan iyalan MacLeod, masu tsibirin, hayar ƙasa.

A 1877 jirgin ruwa Dunara Castle ya fara kawo 'yan kallo lokacin zafi. Suka riƙa leƙa ɗakuna, suna ɗaukar hoto, suna sayen saƙa da ƙwai. Kuɗi ya shigo, garin alkama da shayi da sukari suka biyo baya, sannu a hankali cikin mutane ya koma dogaro da abin da jirgi ya sauke.

Wani zai ce ɗora wa baƙi laifi rashin adalci ne, kuma maganarsa da ƙamshin gaskiya. Agana ta kusa share garin a 1727. A 1852, tun kafin zuwan Dunara Castle, mutum 36 suka yi ƙaura zuwa Ostireliya. Ciwon sarƙewar haƙora da ke kashe jarirai cikin kwana takwas ma, sai da taimakon jinya ya zo daga waje aka shawo kansa. Duk na yarda. Inda gizo ke saƙar shi ne, jirgin da lokacin baƙo yake aiki, ba da buƙatar mai gida ba. Da sanyi ya kama sai ƙafa ta ɗauke wata da watanni, har mutanen kan sa wasiƙa a ƙwaryar katako, su ɗaura mata mafitsarar tunkiya da aka hura, su saki a teku ko Allah zai sa wani ya tsinta. An koya musu buƙatar duniya, ba a ba su hanyar da za su kai gare ta ba, kuma wannan ne ya fi karya gwiwar matasa, waɗanda suka yi ta ficewa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ranar 29 ga Agusta, 1930, aka kwashe mutum 36 da suka rage bisa roƙonsu. Dunara Castle ne ya ɗebi tumakinsu, akasarin mazan kuma aka ba su aikin gandun daji a Morvern da ke Sikotilan, alhali tsibirinsu ko bishiya ɗaya babu.