Ciniki ta salula a Abala da ƙasar Kurfai

Ciniki ta salula na nufin jin farashi, ƙulla saye da sayarwa da aika kuɗi ba tare da mutum ya taka ƙafa ya je ba. A Nijar abin ya soma ne a 2001, lokacin da kamfanin Celtel ya buɗe layinsa. Shi ne ya koma Zain, daga baya kuma Airtel a 2010. A yau akwai kuma Moov Africa, Zamani Telecom (tsohon Orange) da Niger Telecoms.

Amfanin farko shi ne sanin farashi. A da, ɗan kasuwar Abala sai ya kai bisashensa Filinge ko Baleyara kafin ya san abin da rago ke yi a can. Yanzu kira ɗaya ga dillali ya isa. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker, wadda ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma an fi ganin haka a kasuwanni masu nisa da mugunyar hanya. Abala na cikin irinsu.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ya fi nauyi. Gundumar na iyaka da Mali, tana kuma ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017. Tafiya da kuɗin shanu cikin aljihu kasada ce da rai. Kamfanonin waya suna da asusun kuɗi da ke aiki da lambobi kawai, ba sai da intanet ba, ko a ƙaramar waya. Amma jama'a sun fi sabawa da gidajen aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza: a zuba a Yamai, lambar shaida ta iso ta saƙo, a karɓa a gida. Ƴan ci-rani ma ta nan suke aiko da na cefane.

Dukkan wannan ya rataya ne kan rezo da wutar caji. In eriya ta tsaya, ciniki ya tsaya. Ranar kasuwa kuma tsabar kuɗi kan ƙare wa mai biya tun kafin la'asar. Wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa wayarsa, wani lokaci har da lambar sirrinsa, ga wani ya duba masa, kuma ta wannan ƙofa ƴan damfara suka fi shigowa.