Alƙalamin Gwani da Injin Bugu a Kasuwar Kurmi

Tun ƙarshen shekarar 2022 da ChatGPT ya fito, masu zane da marubuta da mawaƙa suka rabu gida biyu a kan ƙirƙirarriyar basira. Wasu na murna cewa aikin mako zai koma na sa'a guda, wasu na fargabar cewa na'ura za ta raba su da tuwonsu. Duka ɓangarorin suna magana kamar yau aka fara ganin irin wannan, alhali birnin Kano ya taɓa ganin ranar da inji ya shigo sana'ar da ake tsammanin hannu da ƙwaƙwalwa ne kaɗai za su iya ta, wato rubuta littafi. Abin da ya faru a lokacin ya nuna cewa ƙarfin inji ba shi ne ke yanke hukunci ba. Abin da mai saye ya ƙi yarda a sauya masa shi ne ke raba sana'ar da za ta rayu da wadda za ta mutu.

Sana'ar ta tsufa. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, da zuwan Fulani da littattafai a zamanin Yakubu. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 kuma ake jingina masa kafa Kasuwar Kurmi, Shehu Magili ya sauka a birnin ya rubuta wa sarki nasiha kan mulki. Daga nan har Turawa suka ci Kano a 1903, kusan duk littafin da ɗalibi ya riƙe hannun wani ne ya rubuta shi. Takarda daga nesa take zuwa: matafiyi Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana sayar da ita a kasuwa, kuma mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a Italiya, ta hamada fatake ke kawo ta. Tsadarta ta sa ba a wasa da shafi. Mai rubutu zai feƙe alƙalaminsa na kara, ya jera baƙi da baƙar tawada, ya dawo ya zuba wasali da ja, ya ɗiga hamza da rawaya, sannan a yi zayyana, baduku kuma ya ɗinka gafaka. Ga mahaddacin tsangaya, rubuta Alƙur'ani da ka shi ne shaidar cewa karatu ya zauna, kuma ba a karɓarsa sai gwanaye sun bi shi harafi bayan harafi.

Da bugaggun littattafai suka fara shigowa daga Misira, an zaci kwanan marubutan hannu ya ƙare. Mus'hafin Alƙahira na 1924 ya bazu a duniyar Musulmi, ga tsafta ga araha. Sai dai a ruwayar Hafsi yake, mutanen ƙasar Hausa kuwa da Warash suka tashi. Haruffansa ma ba irin waɗanda yaro ya saba gani a allo ba ne, domin a rubutunmu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Almajirin da ya shekara goma yana wanke allo ba ya jin daɗin shafin da idonsa bai san shi ba. 'Yan kasuwar littattafai suka gane haka, suka nemo hanya: daga wajajen shekarun 1950 sai su ɗauki ƙwararren marubuci ya rubuta littafin da hannunsa, a ɗauki hoton shafukan, inji ya buga dubbai. Da haka Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Ishiriniya suka cika rumfunan Kurmi cikin rubutun nan mai kauri da aka san Kano da shi, kuma hannun mutane irin su Sharu Bala Gabari ya isa garuruwan da ƙafarsu ba ta taka ba. Andrea Brigaglia, wanda ya yi bincike a kan rubutun Kanawa, ya nuna cewa wannan bugun kasuwa ne ya yaɗa shi. Ko a Madina, babbar maɗaba'ar Sarki Fahad rubutun hannun Usman Ɗaha take bugawa.

Mai ja zai ce wannan labarin manya ne kawai, kuma yana da gaskiya. Idan rubutun gwani ɗaya ya wadatar da ɗalibai dubu goma, to malaman da a da suke samun abin cefane ta kwafar ƙananan littattafai sun rasa masu saye, kuma babu wanda ya rubuta sunayensu. Shi kansa gwanin, in ladan rana ɗaya ya karɓa, ɗan kasuwa zai yi ta sake bugu shekara da shekaru ribar ba ta komo masa ba. Wannan ɓangare ne ya kamata matasan Kano masu zanen fasta da haɗa kiɗa a kwamfuta su duba da kyau, domin masu aikin tsaka-tsaki ne na'ura ke fara turewa. Amma ko a cikin wannan rashi an riƙe abu biyu. A ƙarshen littafi marubuci yakan sa sunansa ya roƙi addu'a, a bango kuma a ambaci wanda aka buga da kuɗinsa. In aka ga kuskure an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, in aka ga kyau an san wanda za a nema da sabon aiki.

Wani zai ƙara da cewa kwatancen bai zauna ba, tunda injin bugu maimaita abin da aka ba shi yake yi, ita kuwa ƙirƙirarriyar basira sabon abu take fitarwa. Bambancin gaskiya ne, sai dai ƙara wa hujjar nauyi yake yi. Ita ma daga aikin mutane aka ciyar da ita, miliyoyin shafuka da zane-zane da muryoyi, amma sai ta cakuɗa su har ba a gane na wane ne wannan. Injin bugu ya ɗauki hannun gwani ya bar masa sunansa. Wannan tana ɗaukar hannun ta zubar da sunan. Kuma tana iya kawo kuskure cikin lafazi mai daɗi, babu gwanayen da suka bi bayanta. A sana'ar da wasali ɗaya ke juya ma'ana, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsofaffin littattafan da ke ajiye a gidajen malaman Madabo da sauran unguwannin cikin birni, da waƙoƙin ajami da ke cikinsu, su ne irin kayan da duk mai son koya wa na'ura karanta rubutunmu zai buƙata. Masu su na da damar da kakanninsu ba su samu ba a gaban 'yan kasuwar bugu, ta gindaya sharaɗi kafin a ɗauki hoton shafi: a rubuta sunan marubuci da gidan da littafin ya fito, a fayyace rabonsu in an samu riba, sannan malamin da ya san rubutun ya duba abin da na'ura ta karanto kafin ya isa hannun ɗalibi.