Iskar ƙeya ba ita ce gwanar gudu ba

Masuntan madatsar Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina a ƙasar Bebeji a farkon shekarun 1970, da filafili suke tuƙa kwalekwale, mai hali kuma ya ɗaura inji. Don haka idan aka ba mutumin Kiru ko Tudun Wada labarin jirgin da ake kafa wa jigo a ɗaura masa ƙaton zane iska ta riƙa kora shi, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne babu iskar da ta kai wadda ta biyo jirgi ta ƙeya. Ba shi kaɗai ba, matuƙan duniya sun yi shekaru dubbai a kan wannan zato. Tarihin sana'ar, musamman tun da aka mayar da ita tsere, ya nuna zaton bai cika ba.

Zanen farko mai kusurwa huɗu ne, aikinsa tare iska kawai. Misirawan dā sun ci moriyarsa domin Kogin Nilu arewa yake gangarawa, iska kuma daga arewa take busowa: mai zuwa kudu ya ɗaga zane, mai dawowa ya sauke ya bi ruwa. A wasu tekunan kuwa sai jira. Fataken Oman da na Indiya sukan sauko Lamu da Zanzibar da iskar arewa maso gabas, wadda ke busawa a watannin da muke cikin hunturu, sannan su zauna har ta juya kafin su koma gida. Kakanninmu da suka tafi aikin hajji a ƙasa ta Cadi da Sudan sun ɗanɗani wannan matsala ta iska a tashar Sawakin. Jidda tana arewa maso gabas da tashar, iskar wannan yanki na Bahar Maliya kuma galibi daga arewa take zuwa, to da a ce sai da iskar ƙeya ake tafiya da ƙalilan ne za su haye. Abin da ya haye da su jirgin sambuk ne mai zane mai kusurwa uku, wanda ke karɓar iska ta gefe.

Tsere ne ya fito da lissafin fili. A 1866 jiragen dakon ganyen shayi suka taso daga Fuzhou ta ƙasar Sin zuwa Landan, biyu daga cikinsu, Taeping da Ariel, suka yi kwana 99 a teku, ratar da ke tsakaninsu wajen shiga tasha ba ta kai awa guda ba. Maganin da zamanin ya sani shi ne ƙarin zane, kuma a waɗannan shekarun ne masu tseren Ingila suka fito da sifinika, wani zane mai kumburi kamar tulu da ake bazawa a goshin jirgi in iska tana baya. Ya taimaka, amma akwai katangar da ba ya iya tsallakewa. Idan iska tana gudun mil 10 a awa, jirgi kuma yana gudun mil 6 a gabanta, ta mil 4 kawai ke taɓa zanen. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke iska na bayansa ya san yadda take ɗaukewa da zarar ya ƙara wuta. Jirgin da ya karkata kuwa gudunsa na haifar masa da wata iska ta gaba, ta haɗu da ta asali ta riƙa zamewa a jikin zanen tana fizgarsa, allon da ke ƙarƙashin jirgin kuma ya hana shi zamewa gefe. A gasar Kofin Amurka ta 2013 a San Faransisko, inda ƙungiyar Oracle ta taso daga 8 da 1 ta doke ta New Zealand 9 da 8, jiragen sun riƙa ninka gudun iskar da ke kora su, kuma babu wanda ya miƙe da ita a ƙeya, sai dama da hagu kamar tafiyar maciji.

Wani zai ce ai kwana-kwana ƙarin tafiya ne. Gaskiya ne, kuma an san adadinsa: karkatar digiri 30 tana ƙara kusan kashi 15 cikin 100 na hanya, ta digiri 45 kuwa kusan kashi 41. Abin dubawa shi ne ko gudun da aka samu ya biya wannan bashi. Ga jirgi mai nauyi cikin iska mai ƙarfi ba ya biya, domin tsawon gangar jikinsa ya riga ya yanke masa iyakar gudu, gara ya miƙe. A nan mutanen dā ba wauta suka yi ba, jiragensu na katako ne cike da kaya. Amma da zarar iska ta yi sanyi, ko jirgi ya yi sauƙin da zai iya sulɓi a kan ruwa, mai karkata ne ke riga isa. Shi ya sa matuƙan tseren yau ba su damu da gudun jirgi a kan ruwa ba kamar yadda suka damu da saurin da yake kusantar alamar da aka nufa, kuma yawancinsu suna ɗauke da jadawalin da ke nuna musu kusurwar da ta dace da kowane ƙarfin iska.