Me Ya Sa Aka Daina Ƙera Lancer Evolution Da Subaru STI?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, bakanike a Kaduna, ya aiko mana da takarda yana cewa: Don Allah ku ba ni tarihin motocin nan biyu na ƙasar Japan, watau Mitsubishi Lancer Evolution da Subaru WRX STI. Na ji an ce an daina ƙera su. Shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, yaya kamfani zai kashe motar da ta fitar da sunansa a duniya?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Abin da ka ji gaskiya ne. Lancer Evolution dai an daina ƙera ta a 2016. Ita kuwa STI, a watan Maris na 2022 ne kamfanin Subaru ya ba da sanarwar cewa ba zai fitar da sabuwa mai shan fetur a kan sabon samfurin WRX ba. Amma kafin ka gane abin da ya kashe su, sai ka fara sanin abin da ya haife su, don kuwa ba ganin dama kamfanonin suka yi ba. Doka ce ta tilasta musu.

Akwai wani irin tseren motoci da ake kira rali. Shi ba a fili mai zagaye ake yin sa ba. Hanyoyin karkara ake bi, cikin burji da laka da ƙanƙara da kwanar duwatsu, a riƙa sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, agogo ne alƙali. Kowane direba yana da abokin tafiya a gefensa mai karanta masa yadda hanya take a gaba. An fara gasar duniya ta wannan tsere a 1973, kuma hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, ita ke shimfiɗa dokokinta.

Tun farko a nan Afirka ne Japanawa suka nuna bajintarsu. A tseren Safari na ƙasar Kenya, Joginder Singh ya zo na ɗaya da wata 'yar ƙaramar Lancer a 1974 da kuma 1976. Tsakanin waɗannan shekaru biyu, watau 1975, Peugeot 504 ce ta ci, irin wadda aka daɗe ana haɗawa a garinku. Kazalika a Kwaddibuwa ne Kenjiro Shinozuka ya ci tsere a 1991 da Mitsubishi Galant VR-4, ya zama Bajapane na farko da ya taɓa lashe wani zagaye na gasar duniya. Ka riƙe sunan wannan Galant, za mu komo kanta.

A farkon shekarun 1980 dokar gasar ta yi sako-sako. A rukunin da ake kira B, mota 200 kacal kamfani zai ƙera a yarda masa ya shiga. Sai aka riƙa fitowa da wasu dodanni masu ƙarfin da ya fi ƙarfin hanya. A 1986 abin ya zo da ajali: a Fotugal wata mota ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo ta kashe mutane, sannan a watan Mayu Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka ƙone a cikin motarsu a tsibirin Kosika. Nan take hukuma ta ce an soke rukunin B daga ƙarshen shekarar.

Daga 1987 aka koma rukunin A, kuma a nan ne tushen maganarmu yake. Dokar rukunin A ta ce motar da za ka yi tsere da ita dole ta kasance irin wadda kake sayar wa jama'a, kuma sai ka ƙera guda 5,000 cikin wata goma sha biyu. A 1993 aka rage zuwa 2,500. Watau in kana son motar tserenka ta zama mai ja da ƙafa huɗu duka, mai turbo, na'urar nan da ke cusa wa inji iska don ƙarin ƙarfi, to tilas ka sa dubban irinta a kasuwa, duk mai kuɗi ya zo ya saya.

Ka ga ke nan yadda aka yi. Mitsubishi suka lura Galant ta yi girma da nauyi, sai suka cire injinta mai lita 2 da fulogi huɗu, wanda ake kira 4G63, da kayan jan ƙafa huɗunta, suka cusa cikin jikin Lancer. A watan Oktoba na 1992 Lancer Evolution ta farko ta fito da ƙarfin doki 250. Wata ɗaya bayan haka Subaru suka fito da Impreza WRX mai ƙarfin doki 240, su ma don Legacy da suke tsere da ita ta yi musu girma. STI kuwa sunan sashen tsere ne na kamfanin, wanda aka kafa a 1988, kuma a 1994 aka fara liƙa wa WRX wannan suna.

In ka taɓa mamakin yadda Evolution ta yi ta sauya lamba kusan kowace shekara, ta biyu a 1994, ta uku a 1995, ta huɗu a 1996, ta biyar a 1998, ta shida a 1999, to dalili ke nan. Duk lokacin da injiniyoyi suka so babban fiffike a baya, ko faffaɗan baki don sanyaya inji, ko faɗin taya, sai an fara ƙera shi a motar kasuwa tukuna. Mai saye a Tokyo yana zaune, ana kawo masa kayan tsere da ƙofa huɗu da wurin zuba cefane.

Kuma sun ci moriyar abin. Colin McRae ɗan Sikotilan ya zama zakaran duniya da Subaru a 1995, kamfanin kuma ya lashe kambin masu ƙira sau uku a jere, 1995 zuwa 1997. Tommi Mäkinen ɗan Finlan ya riƙe kambin direbobi shekara huɗu a jere da Lancer, daga 1996 zuwa 1999. Toyota ma tana ciki da Celica GT-Four, har ta rigaye su cin kambi, sai dai a 1995 aka kama ta ta yi wa maƙogwaron turbo wata dabara don iska ta ƙetare ma'aunin da doka ta sa, aka kore ta shekara guda. Dabarar ta yi kyau har masu binciken da suka gano ta sai da suka jinjina.

To a ganinmu, Malam, a 1997 aka fara haƙa wa motocin nan kabari, a daidai lokacin da suke kan ganiyarsu. A shekarar ne hukuma ta kawo sabuwar doka don jawo kamfanonin Turai: yanzu kana iya ɗaukar motarka ta yau da kullum ka sa mata turbo da jan ƙafa huɗu don tsere kawai, ba sai ka sayar wa kowa irinta ba. Peugeot ta shigo da 206 ta ci kambin masu ƙira daga 2000 zuwa 2002, Citroën kuma ta zo da Sébastien Loeb wanda ya yi shekara tara a jere ba a kayar da shi ba, 2004 zuwa 2012. Ba ɗayansu da ya ɗauki nauyin ƙera dubban motoci masu tsada irin na Japanawa. Toyota ta daina Celica GT-Four a 1999. Mitsubishi ta yi taurin kai ta zauna a rukunin A har cikin 2001, da ta sauya kuma abin bai karɓe ta ba, ta fice a ƙarshen 2005. Subaru ta ƙara cin kambin direbobi da Richard Burns a 2001 da Petter Solberg a 2003, sannan ta janye a watan Disamba na 2008 lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe.

Daga nan suna kawai motocin suke ci. Sunan kuwa ya kai su nesa, don wasannin kwamfuta irin su Gran Turismo sun sa samarin da ba su taɓa ganin tseren rali ba sun haddace su. Amurka ba ta samu WRX ba sai a 2001, Evolution kuwa sai a 2003 da ta takwas. Amma suna ba ya biyan albashin injiniya. Motar da ke buƙatar injinta daban da giyarta daban, alhali masu sayenta ba su taka kara sun karya ba, ita ce ta farko da akanta zai ja wa layi ran da kuɗi suka yi ƙaranci.

Mitsubishi kuwa ta sha ƙarancin kuɗi. Ta fitar da Evolution ta goma a 2007, ba ta sake yin wata ba, ta mai da hankali kan jif-jif da motoci masu haɗa fetur da lantarki irin Outlander. A 2015 aka yi ta bankwana, guda 1,000 don Japan, 1,600 don Amurka. A 2016, shekarar da aka rufe ƙirarta, kamfanin ya amsa cewa ya yi aringizo a alƙaluman shan mai na wasu ƙananan motocinsa, Nissan ta saye kashi 34 cikin ɗari na hannun jarinsa.

Subaru ita dokar hayaƙi ce ta fi matsa mata. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa daga 2020 matsakaicin hayaƙin motocin da ake sayarwa kada ya wuce giram 95 a kowace kilomita, duk giram ɗaya da ya hau kuma tarar Yuro 95 ce a kan kowace mota. Ƙaramin kamfani wanda ba shi da tarin ƙananan motoci da za su rage masa lissafi ba zai iya riƙe mai zuƙar fetur irin STI ba. A Japan an yi bankwana da injinta EJ20, wanda ya yi shekara talatin yana aiki, a ƙarshen 2019 da motoci 555. Lambar ba a banza aka zaɓe ta ba: ita ce rubuce a jikin shuɗiyar motar McRae, sunan wata taba ce da ke ɗaukar nauyinsu a lokacin.

Saura abu ɗaya da ya kamata ka sani. Toyota ta komo gasar a 2017, kuma wanda ta ba ragamar ƙungiyarta shi ne Mäkinen ɗin nan na Mitsubishi. Da suka ga jikin Yaris ta kasuwa bai dace da tsere ba, doka kuma ta ce sai an ƙera 25,000 na jikin da za a yi amfani da shi, sai suka ƙera GR Yaris a 2020, mai fulogi uku da turbo da jan ƙafa huɗu. Motar tseren da aka yi ta dominta ba ta ko taka filin gasa ba, don annobar korona ta sa an soke shirin, a 2022 kuma aka sake dokoki. Ta kasuwar dai ta shiga hannun jama'a, har aka yi mata ƙanwa, GR Corolla, a 2022.