Ƙyanƙyasar tarwaɗa: a kan me ake shimfiɗa ƙwai?

'Yan uwa da yawa a Legas, Ibadan da Fatakwal sun shiga kiwon tarwaɗa, wasu har sun fara ƙyanƙyasa da kansu don su huta da sayen 'ya'yan kifi. To amma sau da yawa asara ba daga uwar kifi take zuwa ba, daga abin da aka zuba ƙwan a kansa ne. Ga bayaninsa dalla-dalla.

Yadda take yi a daji

Mu da muka taso a Nguru mun san tarwaɗa ba ta zuba ƙwai sai damina ta kankama. Idan kogin Haɗeja da na Jama'are suka cika, ruwa ya malala cikin fadamun Nguru har zuwa Gashuwa, sai ta bi sabon ruwa ta shiga ciyawa. Ƙwanta yana da danƙo, yana manne wa ganye da saiwa a warwatse, ruwa mai iska na ratsa shi. Shi ya sa da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu, masunta suka ga kamu ya ja baya. Mai ƙyanƙyasa a tanki wannan ciyawar yake kwaikwayo.

Abin da ake bukata

Bayan an yi wa uwa allura, an matse ƙwai, an haɗa da maniyyin namiji, ana shimfiɗa shi cikin ruwa. Uwa mai kilo 1 tana iya ba da ƙwai sama da 50,000. Idan ɗumin ruwa ya kai digiri 27 zuwa 30, cikin kamar awa 24 zai fashe. Mai rai launinsa kore-kore ne ko ruwan ƙasa, wanda ya mutu yana komawa fari. Farin nan shi ne matsala: yana yin funfuna, funfunar ta kama na kusa da shi, ruwa ya yi wari. Don haka shimfiɗa mai kyau ita ce wadda za ta bar ƙwai ya bazu falle ɗaya, ruwa ya ratsa ta sama da ƙasa, kuma a iya ɗage ta da matattun ƙwai a bar 'ya'yan.

1. Raga

Ita ce ragar roba irin ta tagar gida, mai ido kamar milimita 1. Ana ɗaure ta a jikin fayif na roba mai kusurwa huɗu, ta tsaya ƙasa kaɗan da saman ruwa. Ƙwai na zama a sama, 'ya'yan da suka fito su faɗa ƙasa ta idon ragar. Kana gani da idonka nawa ya yi fari. Ga sabon shiga, wannan ta fi sauƙi. Idan idon ya yi faɗi ƙwai zai zube ƙasa ya taru, idan ya yi ƙanƙanta 'ya'yan su maƙale.

Hattara: kada ka kuskura ka yanka gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a asibiti. Maganin da ke jikinsa guba ne ga kifi, ko an wanke shi.

2. Kakaban

Sunan daga Indonesiya ya zo, can da zaren wata bishiya mai kama da kwakwa suke yi. A nan ana warware buhun roba ne, a ɗaure zaren a jikin igiya ya zama kamar gashin masara. Ba tsada, kuma yana ɗaukar ƙwai da yawa a ƙaramin tanki. Illarsa, ba ka ganin abin da ke faruwa a ciki, kuma wanke shi aiki ne. Buhun taki, na siminti ko na maganin ƙwari, a yi nesa da su.

3. Saiwar kainuwa

Kainuwa dashen Allah, ita ce ta fi kama da na daji, kuma kyauta ce. Sai dai tana zuwa da ƙwari masu cin ƙananan kifi da kuma cuta, musamman wadda aka kwaso daga ruwan cikin gari. Sai in dole.

Kafin da bayan

A wanke raga ko kakaban da ruwan gishiri mai ƙarfi, a ɗauraye, a shanya a rana. Ban da omo. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin a bar shi ya kwana biyu a buɗe. Ruwan bohol a wurare da yawa na kudu yana da tsami, a sa mai abin awo ya duba, ana son ya tsaya tsakanin 6.5 da 8. Sabon tankin siminti kuma sai an jiƙa shi an sauya ruwa sau da dama.

Da zarar yawanci sun fashe, a ɗage shimfiɗar a hankali, a zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo. Kada a ba su abinci sai kwana na 3, lokacin gwaiduwar cikinsu ta ƙare. Wanda zai fara, ya gwada da uwa ɗaya da raga biyu tukuna, kafin ya zuba jarinsa duka. Allah Ya sa albarka a nema.