Inshorar Mota ga Matashi Mai Koyon Tuƙi

A Gangara da sauran garuruwan Damargu, matasa da yawa suna koyon tuƙi tun suna yaran mota. Yaro yakan fara da wanke mota da ɗaure kaya. Daga nan mai gidansa ya ba shi sitiyari a bayan gari, ko a kan hanyar kasuwa. Hannunsa yakan faɗa kafin ya cika shekara 18. Amma iya tuƙi daban, izinin tuƙi daban. Wannan bayani zai nuna wa iyaye da masu motoci abin da doka ta ce game da inshora, da matakan da za su bi kafin su miƙa wa matashi makulli.

Mece ce inshorar mota?

Inshora, wadda a Nijar aka fi kira asirans, yarjejeniya ce tsakanin mai mota da kamfani. Mai mota yana biyan wani kuɗi ƙayyadadde. Shi kuma kamfani yana ɗaukar alkawarin biyan diyya idan motar ta yi wa wani ɓarna.

Nijar tana cikin ƙasashe 14 na Afirka da suke bin dokar inshora iri ɗaya, wato dokar CIMA. An sa hannu a kan yarjejeniyar a birnin Yawunde na Kamaru a shekarar 1992, dokar kuma ta fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta wannan doka ta wajabta inshora a kan kowane abin hawa mai inji da yake tafiya a ƙasa. Ke nan babur ma yana ciki, ba mota kaɗai ba.

Inshora iri nawa ce?

Akwai iri biyu manya.

Ta farko ita ce ta dole. Tana biyan mutanen da motar ta cuta: mai tafiya a ƙasa, da fasinja, da mai wata mota, da mai amalanke, da makiyayin da aka banke wa dabba. Dangin direba da suke cikin motar su ma suna cikin waɗanda take biya. Amma ba ta biyan raunin direban kansa, kuma ba ta gyara motar da ta yi ɓarnar.

Ta biyu ta ganin dama ce. Mai mota yana iya ƙara kuɗi domin a rufa masa asiri idan motarsa ta ƙone, ko aka sace ta, ko ta lalace a haɗari. Akwai kuma ƙarin da yake biyan jinyar direba. Wannan ƙari yana da amfani ga sabon direba, domin shi ne inshorar dole ta bari a waje.

Shin inshora tana rufe wanda ba shi da lasisi?

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Sukan ce: ai motar tana da takarda, kowa ya tuƙa ta ba komai. Ba haka ba ne.

Sai mutum ya cika shekara 18 yake iya samun lasisin tuƙa ƙaramar mota, wanda ake kira farmi. Aya ta 207 ta ba kamfani damar janye alkawarinsa idan direban bai kai shekarun tuƙi ba, ko ba shi da lasisi mai aiki a lokacin haɗari. Sai fa idan sace motar aka yi, ko aka ƙwace ta da ƙarfi, ko aka ɗauke ta ba da sanin mai ita ba.

To, me zai faru da wanda aka buge? Doka ba ta bar shi a banza ba. Aya ta 210 ta ce kamfani zai biya shi ko magadansa. Bayan haka kamfanin yana da ikon komawa kan wanda alhakin ya rataya a wuyansa, ya nemi a mayar masa da duk abin da ya biya.

Ga misali. Wani magidanci yana da a-kori-kura mai kai gero kasuwa. Ya biya inshora daidai. Wata rana ya bar ɗansa mai shekara 16 ya ja motar, yaron ya buge mai babur ya karya masa ƙafa. Kamfani zai biya jinya da diyya. Daga baya zai iya bin gidan bashin kuɗin gaba ɗaya. Irin wannan bashi yana iya cinye rumbu da garke, har da motar kanta. Kuɗin inshorar da uban ya biya bai tsare shi ba, domin shi ya ba da makullin da hannunsa.

A ina ya kamata matashi ya koyi tuƙi?

Hanya mafi aminci ita ce makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita. Ana samun irin waɗannan makarantu a birnin Damagaram. Motocinsu suna da inshora ta musamman, wadda aka yi da sanin cewa ɗalibi ne zai riƙe sitiyari, malami yana gefensa. Motar gida ba ta da wannan.

Daga Tanut zuwa Damagaram tafiyar kusan kilomita 150 ce a kan babbar hanya mai lamba 11, wadda ta wuce zuwa Agadas. Akwai kuɗin makaranta, da na masauki, da na jarrabawa. Lalle nauyi ne ga manomi. Amma idan aka auna shi da diyyar rai ɗaya, za a ga rigakafi ya fi magani. Gidaje da yawa za su fi samun sauƙin wannan hidima bayan kaka, lokacin da aikin gona ya ragu kuma amfani ya shigo hannu.

Kafin ku biya kuɗin makaranta, ku nemi a nuna muku takardar inshorar motar koyon, ku duba ko wa'adinta bai ƙare ba.

Matakan yin inshora bayan an sami lasisi

1. Ku je ofishin kamfani ko wakilinsa na gaskiya. Daga cikin kamfanonin da suke aiki a Nijar akwai SNAR Leyma, da SUNU, da CAREN, da NIA. Kada ku sayi takarda a hannun wanda ba shi da ofishi, komai arharta.

2. Ku tafi da takardar mallakar mota, da lasisin matashin, da katin shaidar mai motar. Idan akwai takardar duba lafiyar mota, ku haɗa da ita.

3. Ku faɗi gaskiya game da wanda zai riƙa tuƙa motar kullum. Idan matashin ne, a rubuta sunansa. Kuɗin yana iya ƙaruwa, domin sabon direba ya fi kusa da yin haɗari.

4. Ku faɗi aikin da motar za ta yi. Motar hawan gida daban, motar ɗaukar kaya daban, motar haya daban. Kowace da kuɗinta. Ana kuma duba ƙarfin injin da yankin da motar take yawo.

5. Ku biya, ku karɓi rasit. Tun shekarar 2011 ƙa'idar CIMA ita ce: inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Alkawarin baki ba ya tsare kowa.

6. Ku karɓi takardar shaida. A ajiye ta cikin mota, domin jandarma ko ɗan sanda yana iya neman ta a kowane shinge.

Idan ba ku iya karanta Faransanci ba, ku tafi da wanda kuka amince da shi ya karanta muku. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa sai kun fahimci abu uku: ranar farawa, ranar ƙarewa, da abin da kamfani ba zai biya ba.

Abubuwan da suke ɓata inshora

Ƙarya da gangan. Idan mai mota ya ɓoye gaskiya domin ya rage kuɗi, aya ta 18 ta ce yarjejeniyar ta rushe, kuma kuɗin da ya biya ba ya dawowa.

Ƙarewar wa'adi. Ana yin inshora ta 'yan watanni ko ta shekara guda. Ranar da ta ƙare, ta ƙare. Ku rubuta ranar a inda za ku riƙa ganin ta.

Lodi fiye da kima. Idan aka ɗora mutane a saman buhuna ranar kasuwa, aka yi haɗari, kamfani yana iya biyan su sannan ya bi mai mota bashi.

Sayen tsohuwar mota. Inshorar wanda ya sayar tana tsayawa a rana ta biyar bayan ciniki. Wanda ya saya wa ɗansa mota ko babur sai ya yi tasa takardar.

Idan haɗari ya auku

A koya wa matashi waɗannan tun kafin ya hau hanya:

Ya tsaya, kada ya gudu. Idan yana tsoron taron mutane, ya nufi ofishin jandarma mafi kusa.

A fara kai mai rauni asibiti.

A kira jandarma su zo su auna wurin, su rubuta takardar binciken haɗari. Da wannan takarda kamfani yake aiki.

A sanar da kamfani cikin kwana biyar. Idan sata ce, cikin awa 48.

A adana kowace takardar asibiti da rasit na magani.

Sulhu a gaban mai gari ko dattawa abu ne mai kyau, yana kwantar da zukata. Amma kada a yanke kuɗin diyya ko a sa hannu a kan wata takarda ba da sanin kamfani ba. Kamfani ba ya ɗaukar nauyin shirin da aka ƙulla a bayan idonsa.

Ku tuna

Tsarin abin shi ne: shekaru su cika, a yi makaranta, a sami lasisi, a rubuta sunan matashi, a biya kuɗi, sannan a ba shi makulli. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, dukiyar gidansa ce ya sa jingina a kan hanya.