Alat Bai Shigo Ba: Nazarin Aikin Bayan Fage a Manhajojin Biyan Kuɗi

A Kasuwar Artisan ta Inugu, inda Hausawa ke sayar da awaki da raguna, ciniki kan faɗa amma a tsaya cirko-cirko: wayar mai saye ta nuna kuɗi sun fita, mai dabba kuwa bai ga alat ba. Tushen wannan tsaiko yana cikin yadda ake gina manhajojin intanet.

Idan aka danna maɓalli, waya na jiran amsa daga uwar garke, kuma jiran yana da iyaka. Nginx, wata manhajar uwar garke, alal misali, yakan katse bayan daƙiƙa 60 muddin ba a sauya saitinsa ba. Shi ya sa magina manhaja ke raba aiki gida biyu. Mai sauri a gama shi nan take. Mai cin lokaci kuwa a jefa shi layin jira irin na RabbitMQ ko Redis, wasu manhajoji kamar Celery da Sidekiq su riƙa ɗauka suna yi a bayan fage.

Hanyar tura kuɗi nan take da NIBSS, kamfanin daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, ya fito da ita a 2011 tana sada bankuna cikin daƙiƙoƙi. Amma saƙon tes, da sake tuntuɓar bankin da ya yi shiru, da mayar da kuɗin da suka maƙale, galibi aikin layi ne. Don haka kuɗi kan riga alat isowa. A farkon 2023, da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, jama'a suka koma taransifa, cunkoso ya yi yawa, 'yan kasuwa suka ɗanɗana kuɗarsu.

Wurin da ya fi haɗari shi ne maimaici. Aikin da ya gaza ana sake gwada shi, mai saye da ya ƙosa shi ma yana sake dannawa. In ba a ba kowace hada-hada lamba tata ta daban ba, sai a cire kuɗi sau biyu a kan akuya ɗaya.

A ganina, babban laifi na manhajar da ke rubuta an kammala ne alhali aikin yana layi. Karɓar umarni daban, cika shi daban, kuma fatake da suka yi doguwar tafiya daga Arewa da dukiyarsu sun cancanci allon waya ya faɗa musu a wane mataki kuɗinsu suke kafin su kwance igiya.